Takardar Izinin Shuka

Shekara talatin da biyar Malam Abdulmumini ya yi yana aikin malamin gona a Rogo, kuma a duk ofishinsu babu wanda ya kai shi shirin ritaya. Tun saura shekara uku ya mallaki gona a Jajaye, ya tanadi irin gyaɗa, ya auna kunyoyi da igiya, har ya kafa allo mai ɗauke da sunansa a bakin gonar. Ya kuma sha alwashi a gaban manoman da ya daɗe yana koyarwa cewa bana za su ga yadda ake noma.

Wata guda da ajiye aikinsa ruwan shuka ya sauka. Kowa ya fita. Shi kuwa kullum sai ya sa kaftani, ya je gonar, ya duba allon, ya dawo.

A rana ta tara Audu, maƙwabcinsa na gona, ya tare shi.

"Malam, barka da hutawa. Allon nan ya yi kyau ƙwarai. Yaushe zai fara 'ya'ya?"

Ranar bai iya cin tuwo ba. Da matarsa Baraka ta matsa masa, sai ya faɗi gaskiya: tunda yake aiki bai taɓa cewa a shuka ba sai takarda ta zo daga ofis, da kwanan wata da sa hannu.

"To, Malam, yanzu wa zai aiko maka?"

"Abin da ya hana ni sukuni ke nan. In na shuka ruwa ya ɗauke, laifin wa?"

Washegari da safe ya tarar da takarda a kan tabarmarsa, da rubutun Baraka na makarantar yaƙi da jahilci: "Ana umartar Malam Abdulmumini ya shuka gyaɗa yau Talata. Babu abincin rana sai an gama."

Ya karanta sau biyu a tsanake.

"Babu hatimi," in ji shi.

Ta tsoma babban yatsa a manja, ta dangwala a ƙasan takardar. Ya ninke ta, ya tuɓe kaftani, ya ɗauki sungumi.

Audu ya hango shi yana sara. "Malam, takarda ta iso ke nan?"

"Ta iso. Sabuwar shugabar ba ta da wasa."

Da gyaɗar ta tsiro, ya rubuta rahoto shafi uku ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa ta ƙunshe daddawa da shi.