Ɗurin Kakan Baba Hammawa

"Umma, to kakansa ne ya harbe shi?"

Zakiyya ta yi tambayar ne ranar sadakar uku, a tsakiyar mata, ina riƙe da farantin ƙosai. Shekararta biyar. Na toshe mata baki, amma Hajja, matar mamacin, ta riga ta ji.

Baba Hammawa maƙwabcinmu ne a Ɗan Iya, katanga ɗaya ta raba mu. Keken ɗinki da risho yake gyarawa a zaurensa. Da ido ya fara gaza masa sai ya rage karɓar aiki, ya ciro wata ƙaramar bindiga daga ƙasan adaka, naɗe cikin tsohon rawani. Irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki ce, siririya, ƙotarta da zanen azurfa da ya yi baƙi. Ya ce kakansa ya je Hajji a ƙasa, shekara bakwai, ya dawo da ita daga hannun wani mutumin Carkas, mutanen wasu duwatsu can bayan ƙasar Turkiyya.

"So nake in ji muryarta sau ɗaya kafin in tafi," in ji shi.

Wata biyu yana kanta. Ya jiƙa ƙarafan a kananzir, ya goge azurfar da toka da lemun tsami, ya sassaƙa sabuwar kunama daga ƙarfen keken ɗinki. Zakiyya kuwa kullum tana kan wani kifaffen turmi a bakin ƙofa tana kallonsa, shi yana kiranta amaryarsa. Ni dai hankalina bai taɓa kwanciya ba.

Ranar wata Laraba Zakka, wani maharbi daga Inkil, ya kawo masa ƙanƙarar da ke tayar da wuta. Ina wurin, na kai wa Hajja tsamiya. Zakka ya zura kara cikin bututun bindigar, ya zare, ya gwada shi ta waje.

"Baba, saura yatsa uku bai kai gindi ba. Akwai abu a ciki."

"Gidan zanzaro ne. Jiya ma na kakkaɓe ƙasa cike da cokali."

"Ni dai da tawa ce, ruwa zan zuba mata ta kwana."

"Ka sa mata tsatsa bayan wahalar da na sha? Kai da ka saba da bindigar korar birai!"

Suka yi dariya, Zakka ya hau babur ɗinsa.

Washegari da hantsi na leƙa in kira Zakiyya ta karya. Murfin gindin bututun ya ƙi kwancewa, sai Baba ya cusa gindin cikin garwashi don tsatsar ta saki. Ya riƙe tsakiyarsa da tsumma. Bakin yana kallon ƙofa, daidai ƙirjin yarinyata.

"Baba, don Allah ka kau da bakin nan daga kanta."

"Haba Juwairiyya! Wannan ta fi shekara ɗari ba ta yi tari ba."

"Na sani. Ka dai juya shi."

Ya girgiza kai yana murmushi, irin na wanda ke biye wa yaro. Zauren ƙarami ne, ga kekunan ɗinki jingine ta ko'ina. Sai ya juyo da shi wajen jikinsa.

Ban kai ga kama hannun Zakiyya ba. Ƙarar ba ta ma kai yadda nake zato ba. Hayaƙi fari ya cika zauren, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Da ya washe, Baba yana zaune yadda yake, ya dafe ƙasan haƙarƙarinsa, yana kallon turmin.

"Amaryata fa?"

"Lafiyarta ƙalau, Baba."

"To alhamdu lillahi." Ya ɗan nisa. "Ashe da ɗurinta kakana ya dawo."

A cikin keke napep ya cika, kansa a cinyar Hajja, kafin mu kai asibiti.

Shi ya sa ranar sadakar uku na kasa ɗaga ido. Hajja ta miƙo hannu ta jawo Zakiyya jikinta.

"Ba wanda ya harbe shi, 'yar nan. Kwanansa ne ya ƙare." Sai ta dube ni. "Ke ma ki ji."

Na ji. Amma har yau, in ina wanke-wanke, nakan ji bakina yana cewa ka dai juya shi. Nakan kuma tuna wani mutum a wata hanya mai nisa, yana ɗura albarushi saboda tsoron wani da bai taɓa zuwa ba.

'Yan sanda sun tafi da bindigar. Turmin yana nan a bakin zauren, Hajja ta hana a ɗauke, kaji ne ke hawa kansa yanzu. Zakiyya takan ratse ta ɗaya gefen titi in za ta wuce.

In akwai irin wannan a ƙasan adakar gidanku, naɗe cikin tsumma, kada ku yarda da wanda ya ce muku babu komai a ciki. Kada ku kai ta kusa da wuta. Kuma ku fitar da yara daga ɗakin tun kafin a kwance tsumman.