Farar Riga a Shagon Walda

Motar ba ta gama tsayawa ba Auta ya diro, takardar kotu a hannunsa, yana gyara wuyan farar rigar da yayarsa ta goge masa har sau biyu. Masinjan kotu yana can kujerar baya yana faɗa da matarsa a waya, 'yan sandan biyu da aka haɗa su da su kuma suka tsaya sayen ruwa a bakin titi. Auta bai jira kowa ba. Yo ina zai jira, mutumin da hutun jami'a ya kusa ƙare masa bai samu ofishin da zai ajiye ko jakarsa ba?

Shekararsa ta ƙarshe ke nan a karatun lauya. Duk wani bene mai allon lauyoyi a garin ya hau shi ya sauko, ko'ina tambaya ɗaya ce: a ina ka taɓa aiki? To a ina zai taɓa, tunda kowa wanda ya taɓa yake so? Sai jiya wani barista mai ƙaton ciki, wanda ko kallon takardunsa bai yi ba, ya ce masa, "Gobe za a tashi wasu masu walda daga filin mutumin da muke wa aiki. Ina son wani ya tsaya a madadin ofishin nan. Ka je ka dawo, sai mu yi maganar aiki." Ƙananan lauyoyin ofishin duk suka sunkuyar da kai a kan kwamfutocinsu. Auta, bawan Allah, ya ɗauka yawan aiki ne ya hana su ɗagowa.

Shagon wata doguwar rumfar kwano ce, ƙofofi da tagogin ƙarfe a jingine ta ko'ina, wuta tana tartsatsi a lungu. Yana shiga injin yankan ƙarfe ya yi shiru. Wani dattijo ya ɗaga baƙin tabarau zuwa goshi ya taho, bayan hannayensa duk tabon ƙuna.

"Sannu da aiki, Baba," in ji Auta. Ya buɗe takardar ya fara karantawa da irin muryar da malamansu suke yabo a aji, yana tsayawa inda ya kamata, yana ɗaga kai ya dubi masu sauraro. Da ya ga idon dattijon ya kaɗa, sai tausayi ya kama shi, ya ninke takardar ya shiga bayani. Ya gaya musu cewa da suna da damar ɗaukaka ƙara, amma sun bari lokaci ya wuce. Ya ce ai an ba su wa'adi. Ya ce, "Mu ma ba da son ranmu ba ne."

"Ku?" in ji dattijon a hankali. "Kai ne lauyan ke nan?"

Nan ne fa. Kalma ɗaya ce, a'a, da ya faɗe ta da ya koma gida da haƙoransa cif. Amma tunda uwarsa ta haife shi wani baƙo bai taɓa dubansa ya kira shi da wannan suna ba, daɗin abin ya ratsa shi har tafin ƙafa. Ya gyara tsayuwa, ya ɗan gyaɗa kai.

Marin farko bai ji zafinsa ba, ƙararsa kawai ya ji. Ɗan da dattijon ya haifa ne, wani gabjeje da safar hannu ta fata. Kafin Auta ya gane gabas an shaƙe wuyan rigar an jawo shi, naushi ya sauka a bakinsa, ya ji wani abu ya ɓalle ya faɗa kan harshensa. Ya tofar, haƙori ne. Wani ya sharɓe masa ƙafafu ya kife a kan tarin guntayen ƙarfe, tafin hannunsa ya tsage.

"Shekara nawa muna nan? Ɗan iska! Da biro za ka tashe mu?" in ji gabjejen.

Takalman matasan shagon suka yi ta sauka a cikinsa da bayansa. Ya dunƙule ya rufe kai, yana cewa, "Ɗalibi ne ni, wallahi ɗalibi ne," amma baki cike da jini ba ya fitar da magana, kuma ba mai sauraro. Rodi ya same shi a haƙarƙari, numfashinsa ya ɗauke. Ta tsakanin ƙafafu ya hango masinja ya leƙo, ya ga abin da ake yi, ya juya ya arce har takalmi ɗaya na fita. Tsoro na gaske ya kama Auta, irin wanda ke sa mutum kiran uwarsa, kuma ya kira ta.

Gabjejen ya ɗaga rodin zai sauke masa a ka, sai wani nauyi ya faɗo a kan Auta, mai warin hayaƙi da gumi. Dattijon ne ya kwanta a jikinsa. "Ku kashe ni tukuna," yake cewa. "Yaro ne, ba ku gani? Ku kashe ni tukuna."

A haka 'yan sanda suka shigo suka same su. Ɗaya ya harba bindiga sama, kwanon rumfar ya amsa, matasan suka watse ta bayan shago. Ɗayan ya ga tsoho a kan mai farar riga, bai tambayi komai ba ya kai masa gindin bindiga a ƙeya, ya ƙara masa a kafaɗa, ya ja shi a ƙasa zuwa mota. Tabarau ɗin ya tarwatse a bakin ƙofa.

Direba ya ce asibiti za su wuce. Auta ya girgiza kai, ya ce a kai shi ofis. An ce ya je ya dawo, to zai dawo, ko da rarrafe ne.

Da rarrafen kuwa ya kusa hawa benen. Sakatariya tana ganinsa ta dafe ƙirji ta jawo tawul, sai ga barista ya fito daga ciki da sauri.

"Kar ki goge masa komai," ya ce. Ya zagaya Auta yana dubawa kamar mai taya sa a kasuwa, fuskarsa ta washe. "Buɗe bakin. Madalla. Ɗaga rigar in ga gefen. Ke, ɗauko waya ki yi masa hoto, gaba da baya." Ya juya ga ƙananan lauyoyin. "Kun gani? Da shari'ar fili ce kawai, yanzu ga duka, ga raina kotu. Tsohon nan sai ya kwana biyu a gidan yari."

"Yallaɓai, shi ne ya cece ni," in ji Auta, maganar tana fita da iska ta gurbin haƙorin.

"Za mu zauna a kan abin da za ka faɗa. Ciro rigar, hujja ce."

Ya cire da ƙyar, haƙarƙarin yana sukarsa, ya tsaya daga shi sai singileti a gaban mutane. Kunya ta rufe shi, amma ya daure, don abin da ya kawo shi bai faɗa ba tukuna.

"To yallaɓai, maganar aikin fa? Gobe zan fara?"

Barista ya dube shi da mamaki na gaskiya. "Wane aiki? Kai da kake karatun lauya? Kai ne babban shaidanmu yanzu. In aka ji kana cin abinci a ofishin nan, lauyansu zai yi kaca-kaca da shaidarka a minti ɗaya. Ko gaisuwa kar ka riƙa zuwa, sai mun neme ka."

"Har yaushe, yallaɓai?"

"Har a gama shari'a. Shekara biyu, uku, wa ya sani." Ya shige ofishinsa ya ja ƙofa.

Sakatariya ta ninke rigar ta zura a leda, ta duba ko'ina ta rasa inda za ta ajiye. Can kusa da taga akwai wani tebur da ba kowa a kansa, da kujerarsa a ture a ciki. Ta kaɗe ƙurar ta ɗora ledar a kai, sannan ta buɗe wa Auta ƙofar fita.