Gurasar Matafiyi

Ni na goyi ƙanena Davron. Ranar da mahaifiyarmu ta rasu shekararsa huɗu, ni sha shida, kuma saboda shi na yi ta korar manema aure har suka gaji suka daina zuwa. Na fara da wannan ne don kada wani a ƙauyenmu ya sake ce mini ban san zafin ɗan'uwa ba.

Yaro ne shiru-shiru, ya tashi yana tuƙa tarakta a gonakin auduga. Ya auri Muhayyo, marainiya daga garin Chust wadda ba ta da kowa sai wani kawu kurma. Daga baya ya tafi Rasha aikin gini. Ranar tafiyar na gasa gurasa ya ciji gefe, na rataye sauran a ƙusa, yadda ake yi wa kowane matafiyi don ragowar rabonsa ta jawo shi gida. Ta jawo shi kuwa bayan shekara shida, sai dai ya dawo da shan giya da zargin duk namijin da ya gifta ta ƙofarsa.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu, ina jin komai. Wata safiya Muhayyo ta shigo taya ni liƙa gurasa a tanderu, tana kare baki da gefen ɗankwali. Haƙoranta biyu na gaba babu.

"Ƙofa ce ta buge ni, Yaya," in ji ta.

"Ƙofar nan taku akwai nauyin hannu," na ce.

Iyakar abin da na ce ke nan, kuma har gobe ina jin kunyarsa. Tun daga ranar sai ta jiƙa gurasa a shayi take iya ci.

Ana tsakiyar tsinkar auduga Davron ya leƙo da hantsi.

"Yaya, mutuniyarki fa ta tafi Rasha. Wanke-wanke ta samu a wani gidan abinci."

"Ba ko sallama?"

"Kin san ta da kuka. Je ki gani, ta ciji gurasarta."

Na je. Ga gurasa a bango, wadda na gasa da hannuna, da tambarina a tsakiya. Cizon ya fita zagaye tsaf, kowane haƙori ya bar sawunsa, har biyun nan na gaba. Na daɗe a tsaye. Da na juyo sai na ga an shafe ƙarƙashin rumfar inabi da sabon siminti, wurin da Muhayyo take shuka ɗoɗɗoya.

Kwana tara ina riƙe da abin a cikina. Mata suna shigowa sayen gurasa suna ce mini, "Salomat, kakarku ta yanke saƙa, matar ƙanenki za ta riƙa turo muku kaya." Ina murmushin dole. Shi kaɗai gare ni a duniya, kuma na san idan na buɗe baki ba ni da shi. Ran na goma na jira ya fita gona, na sauke gurasar, na naɗe ta a ƙyalle mai tsabta na kai wa 'yan sanda. Kafin la'asar sun fasa simintin.

A birnin Namangan aka yi shari'ar. Bencin dangin mamaciya babu kowa, don kawun nata ko labari bai kai masa ba, sai na tashi daga bayan Davron na koma can na zauna. Ya ce ture ta kawai ya yi, likita ya ce ba haka ba. Alƙali, wani dattijo mai tabarau, ya ɗaga gurasar da hannu biyu ya tambaye shi dalilin da ya sa ya cije ta.

"Ranka ya daɗe, in babu gurasa a bango Yaya ba za ta yarda ba."

Wannan magana ta fi komai ci mini rai. Wato saboda ni ya yi, ni da na koya masa.

Shekara goma sha takwas aka yanke masa. Za a fita da shi ya waiwayo, da muryar nan tasa ta lokacin da yake riƙe mini gefen riga.

"Yaya, ba ki kawo mini gurasa in ciza ba?"

"Ai ka riga ka ciza, Davron."

Bayan wata biyu kotu ta maido mini da gurasar cikin leda da lamba a jiki. Ba a yar da gurasa, don haka na rataye ta a tsohuwar ƙusar nan tasa. Yanzu rabin matan unguwa sun koma saye a wani gida, suna cewa hannun da ya miƙa ƙane ga hukuma ba su cin abin da ya gasa. Guda huɗu nake gasawa, har su kwana. Duk Juma'a ina kai wa Muhayyo ziyara a maƙabarta, in dawo in goge ƙurar da ta hau waccan ta bango. Shekarata sittin da ɗaya. Idan ta jawo shi gida, wataƙila ita kaɗai zai tarar.