Wankan Mai Kitso

Ina tsaye a bakin tagar asibiti, yarinyar da ke wurin tana ta danne-dannen kwamfuta, ko kallona ba ta yi ba. Maƙwabciyata mai kitso tana ciki an lulluɓe ta, jikinta bai gama hucewa ba.

Abu ɗaya na tambaya: ciwon nata ana ɗauka ko ba a ɗauka? Tun da ta fara tari tana ramewa matan layinmu suka janye jiki, yau kuma sun ce ba mai kama mini wankan gawarta sai sun ji daga bakin likita.

"Iya, sirrin mara lafiya ne. Ke mece ce ɗinta?"

"Ni ce mai zubar mata da fo."

Wai wannan ba dangantaka ba ce, sunan ɗanta ke cikin fayil, shi kaɗai za a gaya wa. Matar da na san kowane gyambo na bayanta, yau ita ake ɓoye mini a aljihun tebur. Babbansu ma da na kutsa ofishinsa cewa ya yi doka ce, mutuncinta suke karewa. Na ce ya zo layinmu ya ga mutuncin. Kuma zan koma, bai gama jin muryata ba.

Can sai ga ɗan, takalmi na sheƙi, turare na tashi. Likita ya ja shi ciki suka rufe ƙofa. Da ya fito na tare shi, na ce ɗan nan, ba sunan ciwon nake nema ba, ka tsaya a ƙofar gida ka ce wa matan nan su shigo.

"Ni fa ban tambaya ba, Iya. Takardar ɗaukar gawa kawai na karɓa."

Ya ƙara da cewa maganar gidansu ba ta 'yan layi ba ce. Gidansu, shi da bai san inda makunnin fitilar ɗakinta yake ba.

Da aka kawo ta gida, haka matan suka jeru a tsakar gida, kowa ta toshe hanci da mayafi. Bokitin ma da ƙafa suka turo mini shi bakin ƙofa. Na sauke labule, na tokare kafaɗarta da gwiwata don ba mai riƙe mini. Na tsoma hannu na ji ruwan ya yi mata sanyi, sai na kwantar da ita a hankali, na fita ɗora wani.