Sarƙa a Tayoyin Baya

Tun watan Mayu da mota ta zame da ni na daki ginshiƙin ƙofar gona, ɗana Hamish ya sa min ido. Ginshiƙi fa, ba mutum ba! Amma sai ya ɗauke akori-kurata ya kai rumfar tumaki ya kulle, wai da ita yake kai wa dabbobi ciyawa. Matarsa Bronwyn kuwa ta shiga ajiye min takardun wani gidan tsofaffi da ke garin Mosgiel a gefen farantina, da hoton wasu tsofaffi suna ta washe baki. Shekarata saba'in da takwas, a gonar nan aka haife ni, ni na zuba tsakuwar hanyar da suke cewa ba zan iya bi ba.

Wata Laraba a tsakiyar Yuli, wato tsakiyar hunturu a ƙasarmu, abokina Dougal ya bugo waya muna karin kumallo. Tafki ya daskare, ƙanƙara ta yi kaurin da za a yi wasan tura dutse a kanta, ana jirana ƙarfe goma. Na ajiye waya na miƙe ina neman hulata.

"Ba inda za ka, Baba," in ji Hamish, ko kallona bai yi ba. "Ka leƙa waje kuwa? Motar watsa tsakuwar hana santsi ba ta hawo nan ba, kuma rana ba ta taɓa kwanar gada sai bayan sha biyu."

"To kai ni."

"Tumaki dubu biyu na jiran ciyawa, in bar su in kai ka wasa?"

"To ba ni makullin motata."

Bronwyn ta ce, "Baba, ka yi haƙuri ka zauna, ga wuta, ga shayi."

"Ke kuma wa ya sa da ke? Shayin naki da ba ya ko ƙona harshe?"

Hamish ya buga kofi a tebur. "Kar ka ƙara yi mata magana haka! Ka tsufa, Baba, kowa ya gani sai kai."

Raina ya ɓaci matuƙa, har kunnena na ƙara. Da bakina na yanke wa kaina hukunci, ba wanda ya tilasta ni. Na ce ai motar matata marigayiya Moira tana nan a gareji, da ita zan je. In na kai na dawo lafiya, a dawo min da akori-kurata, a ƙone takardun nan. In kuwa na kauce hanya ko da taku ɗaya ne, makulli nasa, ya kai ni Mosgiel ɗin ya huta.

Hamish ya ce, "Ka ji abin da ka faɗa?"

"Kurma ne ni?"

Motar Moira 'yar mitsitsiya ce ja, gwangwanin madara nake ce mata lokacin da Moira ke da rai, kuma ban taɓa zama a gaban sitiyarinta ba. Na turo ta tsakar gida. Sanyin ranar ba na wasa ba ne, wayar shinge duk ta yi fari fat, ruwan kwanon karnuka ya zama dutse. Na goge gilashi, na ɗauko sarƙoƙin da ake ɗaura wa taya don hana zamewa a kan ƙanƙara daga but, na shimfiɗa buhu na durƙusa.

Ɗaura wa taya sarƙa kuwa, rabin mutanen kwarin nan a hannuna suka koya, har da shi Hamish ɗin. Shekara sittin ina yi, a babbar mota, a akori-kura, a motar makaranta. Hannuna ya san aikin ko da idona a rufe. Na nufi tayoyin baya kamar kullum, na zagaya, na maƙala, na ja na ɗaure tam. Yatsuna sun ƙage, gwiwoyina na kuka, amma cikin minti goma na gama.

Hamish na tsaye a bakin ƙofa da kofinsa, yana kallona tun daga farko har ƙarshe. Ya ce, "Baba."

"Mene ne kuma?"

Ya kalli motar, ya kalle ni. "Ba komai. Sauka lafiya."

Gangarar gidanmu kilomita biyu ce zuwa titi. Na sa giya ta biyu, ban taɓa birki ba, sarƙa na ta ƙara a bayana, zuciyata fes. Har na fara tsara abin da zan gaya wa Dougal a kan 'ya'yan zamani. Sai ga kwanar gada a inuwar itatuwa, hanya ta yi baƙi tana sheƙi. Na murza sitiyari hagu. Mota ta ce ba ta san zancen ba. Na ƙara murzawa, sitiyari ya yi sakwaf a hannuna kamar ba a haɗe yake da komai ba, muka miƙe sak, a hankali, ina kallon ƙarfen gada yana wucewa ta gefena. Hancin motar ya faɗa rami, ta kwanta a kan shinge. Taku biyar a gaba, gangaren rafi ne.

Na fito da rarrafe ta ƙofar da ke sama, na zame na zauna daɓas a cikin ramin. Ban ji ciwo ba, sai kunya da ta rufe ni. Ko minti biyu ba a yi ba na ji tarakta. Hamish ya diro ya tsaya a bakin hanya, fuskarsa ba jini.

"Ka ji ciwo?"

"Motar uwarka ce ba ta da hankali! Sarƙa lafiya lau, ta ƙi juyawa."

"Da tayoyin gaba take ja, Baba. A gaba ake ɗaura mata."

Na juya na kalli tayoyin gaba, ga su nan tsirara, sumul. Na kalli na baya da aikina mai kyau a jikinsu. Sannan na kalli tarakta. Ba ciyawa a bayanta, igiyar jan mota ce a naɗe, a shirye.

"Yaushe ka sani?"

Ya kau da kai yana kallon motar.

"Da kai nake, Hamish! Yaushe ka sani?"

"Tun kana durƙushe."

"Ka gani, ka ce min sauka lafiya."

"Da na faɗa za ka ji? Yaushe rabon da ka ji maganata? Gyarawa za ka yi ka tafi, gobe ka kashe kanka ko ka kashe ɗan wani a titi! Na ɗauka tun a kwanar farko za ta tsaya da kai, wurin da ba rami. Ina bayanka fa, Baba, ina bayanka."

"Bin baya yana tsayar da mota? Leƙa can ka ga rafin."

Bai leƙa ba. Idonsa ya ciko, ni kuwa ko ɗigon tausayinsa ban ji ba. Gaskiyarsa ce na tsufa, na yarda a ramin nan. Amma ɗan da na haifa ya auna raina da cin gardama, ya ga gardamar ta fi nauyi.

Ya durƙusa a bakin ramin ya miƙo hannu. "Kamo, Baba, in jawo ka."

Na laluba aljihu, na ɗora masa makullin a tafin hannu. Sannan na kama wayar shinge na hau da kaina, na bi gefen ciyawa inda ba santsi, na nufi gida in haɗa kayana.