Jakunan Abdulgani a Dangoma

Shekarar da Abdulgani ya ƙudura niyyar tafiya Makka, sai ya sa sana'arsa a kasuwa: jakuna shida masu jigilar kaya daga Gwandu zuwa Kalgo. Hamidu mai albasa ya ce yana so, amma da sharaɗi.

"Malam, jakunan da ba su saba da tsaye-tsaye ba nake nema. Albasa ba ta son rana."

Abdulgani ya rantse nasa ko ciyawar gefen hanya ba sa kallo. Daga nan ya shiga gyara. Ya daina ɗaukar tukwane da kifi da saƙonnin jama'a, sai albasa zalla. Dangoma da ke kan hanyar kuwa, kewaye ta ya riƙa yi ta bayan gonaki.

Ranar gwaji Hamidu ya ce a bi ta cikin gari, ya fi kusa. Suna shiga Dangoma, jakin gaba ya karkata ya tsaya cak a ƙofar Fatsuma mai fura, sauran suka jeru bayansa. Abdulgani ya ɗaga sanda, jakin ya yi masa kunnen uwar shegu.

Fatsuma ta leƙo. "A'a, Abdulgani, kwana biyu! Zauna, ga taka nan na dama."

Hamidu ya karɓi ƙwaryar furar ya kurɓa, ya sake kurɓa, ya goge baki.

"Na saya," in ji shi. "Amma har da tsayawar nan a cikin cinikin. Kai ka tafi Makkarka."