Yashin da Dela ta Ɗiba

Duk shekara in sanyi ya shigo Jidda, wasu gidaje na Hausawan unguwar Hindawiyya sukan naɗe tabarminsu su koma bakin bahar, wato teku, can kudu da gari inda kwalta ta ƙare. Maza su bi jiragen masunta, mata su tsaga kifi su barbaɗa masa gishiri su shanya. Kada wani ya ji an ce bakin bahar ya ɗauka hutu ake zuwa yi. Ɗakunan ma na kwano ne da katakon tsofaffin akwatuna, in iskar arewa ta taso su yi ta ƙara kamar za su bi ta. Amma dai babu ƙuda, babu gumin nan na Jidda mai manne wa mutum riga a baya, shi ya sa har tsofaffi ba sa ƙin zuwa.

Dela na cikin masu zuwa. Haihuwar Mai Wurno ce a ƙasar Sudan, ta ƙetaro aikin hajji da mijinta, mijin ya rasu a nan, ita kuma ta zauna. Ta haifa, ta binne, ta haifa, ta binne, har ya rage mata ɗaya tal, Haladu. Ƙato ne mai yawan dariya, gemu ya cika masa fuska amma har yau bai iya wuce kaskon gyaɗarta bai sa hannu ba. Ranar Juma'a, in mutanen gari sun zo da motocinsu da rediyonsu sun shimfiɗa darduma a yashi, takan zaga tana sayar musu da gyaɗa da dafaffen wake. Sauran kwanaki kuwa kifi ne da safe, kifi ne da yamma, har shayi ƙarnin kifi yake yi.

Akwai wani abu da Dela ta gada wurin uwarta. Duk ranar da Haladu zai yi tafiya, sai ta bari ya ba da baya, ta sunkuya ta ɗebi ƙasar sawunsa na dama, ta ƙulle a tsumma ta soke a rufin ɗaki. Ba ta kwancewa sai ya dawo. Wai ƙafar da aka riƙe ƙasarta ba ta ɓata, komai nisa sai ta biyo ta. Limamin unguwarsu ya yi wa'azi a kan irin wannan har muryarsa ta dishe. Dela ta ce ita ba tsafi take yi ba, Allah ne mai mayar da matafiyi, ita dai abin da ta ga uwarta na yi take yi. Wanda ya san bakin Dela bai ƙara mata tambaya ba.

A wannan shekarar aka ɗauki Haladu a wani sambuk, babban jirgin katako mai filafili, da zai yi nisa kudu wajen tsibirai. Tare da shi aka ɗauki Garba, mijin Mastura ta ɗakin da ke kusa da nasu. Mastura haihuwar Jidda ce, amarya ce ma, lallen hannunta bai gama gogewa ba. Hausarta rabi Larabci, kuma komai na tsofaffi dariya yake ba ta.

Dariyar nan ce ta jawo. Da hantsi mazan biyu suka saɓa naɗin komar kamun kifi ɗaya a kafaɗa, suka gangara ruwa kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya sa takalmi. Dela ta so ta bi bayansu nan take, sai ga Mastura a gefenta tana ɗaga hannu tana share hawaye. Tsohuwa ta ji nauyin ta sunkuya tana kwasar yashi a gaban yarinya. Ta tsaya tana jira, Mastura kuwa kamar an dasa ta. Kafin yarinyar ta juya ta shiga ɗaki, ruwa ya lashe sawun kusan duka. Guda ɗaya na dama ya rage cikakke. Dela ta kai masa wawura, igiyar ruwa na jiƙa mata bakin zane.

Sai da ta ƙulle tsumman ta soke shi a rufi, sannan shakka ta shige ta. Wa ke dama, wa ke hagu, da suka gangara? Ta rufe ido ta hango su. Wani lokaci ta ga Haladu ta wajen duwatsu, wani lokaci ta ga Garba ne a wurin. Ta kai hannu za ta zare ƙullin, ta fasa. In nasa ne ta zubar tun bai dawo ba fa? Ta bar shi, ta koma kan kifinta.

Kwanaki suka yi ta tafiya yadda suka saba. A fito da kifi, a juya kifi, a kori hankakin bahar, a kwashe kifi. Mai motar ruwa ya zo a yi layi da garewani, a yi faɗa, a shirya. Sai iskar arewa ta zo da gaske. Ruwan da yake shuɗi ya koma toka-toka, yashi ya shiga tukunya ya shiga haƙori, masu ƙananan jirage duk suka janyo su tudu suka kife. Ba wanda ya yi wa Dela maganar sambuk, ita ma ba ta yi wa kowa ba.

Safiyar da iskar ta kwanta, ta idar da sallar asuba ta buɗe ƙofa, gari ya fara haske. Yashi ya kwanta sumul tun daga bakin ruwa har ɗakuna, iska ta share komai. Sai sawu guda a kai. Sawun namiji ne, ba takalmi, ya fito daga cikin ruwa ya miƙe bai karkata ko'ina ba, har bakin ƙofarta. A nan ya tsaya, ƙafa biyu a jere, yatsu suna fuskantar ɗaki. Ta duƙa ta taɓa, da danshi.

Ta ce ɓarawon kifi ne. Ta duba shanyarta, ko wutsiya ba a taɓa ba. Ta zaga bayan ɗaki tana neman inda ya bi ya koma. Babu. Zuwa kawai aka yi. Ta ɗauko tsintsiyar kaba ta share shi tun daga ƙofa har ruwa kafin kowa ya fito, tana sharewa tana karanta duk abin da ya zo bakinta. Washegari ma haka ta tarar, ta sake sharewa.

Ranar da Abdulghani mai motar ruwa ya dawo, bai yi wasan da ya saba yi da mata ba. Ya kashe mota ya sauko yana murza hularsa.

"Hajiya Dela, Mastura, ku zo gefe," ya ce. "Na ji khabar a kasuwar kifi. Wani jirgi ya shigo daga kudu. Sun ce sambuk ɗin su Haladu iska ta karya masa itacen filafili, suna gyara a wani gari can ƙasa. Za su taho, in sha Allah."

"Alhamdu lillahi," in ji Mastura. "To esh fi? Me ya sa fuskarka haka?"

Abdulghani ya dubi ƙasa. "Mutum ɗaya ya faɗa ruwa. Ba su same shi ba."

"Wa?"

"Wallahi ba su san suna ba. Sun ce dai Takruni ne."

Takruni shi ne sunan da Larabawa ke kiran baƙar fata irinsu. A cikin jirgin nan kuwa su biyu ne kacal, kowa a wurin ya sani. Mastura ta saki garwarta ta kama hannun Dela, ta ƙanƙame.

Rashin sani ya fi dare duhu. Daga ranar Mastura ta daina dariya, ta zama kamar jelar Dela. Tare suke tsaga kifi, tare suke cin abinci a kwano ɗaya, in ana iya kiran wannan tsakurar ci. Mata su zo su zauna su ce Allah ya sa mu ji alheri, su rasa wadda za su kalla a cikin biyun. Wane alheri? Alherin ɗaya ai shi ne makokin ɗaya. Dela ta ɗaga hannu za ta roƙi Allah ya dawo mata da ɗanta, sai ta ji numfashin yarinyar a bayanta, ta katse addu'ar. Amma takan ƙarasa ta a zuci. So duka so ne, amma son kai ya fi.

Sawun kuwa bai fasa zuwa ba. Yanzu Dela ta san abin da ke zuwa ƙofarta: wanda ruwa ya ci ne, yake biyo ƙasarsa. Ita da ta yi kwanaki tana fargabar ko ta yi kuskure, sai ga ta tana roƙon Allah ya sa kuskuren ta yi. Ya sa na Garba ta ɗiba. Ta daina sharewa da gaggawa. Takan durƙusa ta auna sawun da tafin hannunta, ta leƙa dunduniya, ta ƙirga yatsu. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta gane ba. Ƙafar da ta wanke, ta shafa wa mai, ta cire wa ƙaya tun tana ɗan mitsitsi, yau an ajiye mata ita a ƙofa ta kasa cewa ita ce ko ba ita ba ce. Rabon da ta dubi ƙafar Haladu da kyau tun yana yaro. Wa ke kallon ƙafar ƙato?

Nan wata dabara ta zo mata, mummuna, ta kuwa san mummuna ce. In ta kai ƙullin ɗakin Mastura, in Garba ne, ga ƙasarsa ga matarsa, can zai nufa. In kuwa aka sake zuwa ƙofarta alhali babu ƙasar a ciki, to mai zuwan ba yashi yake nema ba, uwarsa yake nema.

Da la'asar ta zare ƙullin ta soke a ƙugu ta shiga wurin Mastura. Yarinyar ta yi murna, ta hura gawayi ta ɗora shayi, ta jawo mata matashi.

"Khala, wallahi ba don ke ba da na haukace," ta ce. "Ummi tana Makka, ke ce uwata a nan. Ko wanne ne a cikinsu, ya'ani, ba za mu rabu ba, ko?"

"Ba za mu rabu ba, ɗiyata," in ji Dela.

Kunya ta kama ta har shayin ya yi mata ɗaci. Ta ce a ranta ta fasa. Amma da Mastura ta fita zubar da toka, hannun Dela bai tambaye ta ba, ya miƙe ya tura ƙullin tsakanin kwano da katako a saman ƙofa. Ta yi sallama ta fita ba ta iya haɗa ido da yarinyar ba.

Da asuba ta daɗe a kan buzu bayan ta sallame. Haske ya shigo ta hujojin kwano, ta ji zakaran wani ɗaki, ta ji ruwa na ta aikinsa. Ta miƙe da ƙyar ta buɗe ƙofa. Ba ta dubi ƙasa ba. Ta ɗaga kai ta dubi wajen ɗakin Mastura tukuna, ta bi yashin da ido tun daga ƙofar yarinyar har bakin ruwa. Sumul yake, ko sawun tsuntsu babu.

Sannan ta sunkuyar da kai.

Yana nan. Ya fito daga ruwa ya miƙe, bai ko waiwayi inda aka kai ƙasar ba. Ƙafa biyu a jere a bakin ƙofarta, dab da dokin ƙofa, kamar mai jiran a ce masa shigo.

Dela ba ta yi ihu ba. Ta zauna a nan bakin ƙofa. Tsintsiya na jingine kusa da hannunta, ba ta taɓa ta ba. Rana ta fito, mata suka fara fito da kifi, wasu suka gaishe ta daga nesa ta amsa da ka.

Hantsi ya ɗaga sai aka ji ihu daga wajen duwatsu, an hango filafili daga kudu. Wuri ya ruɗe, kowa ya bar abin da yake yi ya gangara. Mastura ta fito a guje, mayafi a hannu, ta nufo ta tana haki.

"Khala! Sambuk! Yalla, tashi mu je, ni ba zan iya zuwa ni kaɗai ba!"

"Tsaya nan," in ji Dela. Muryarta ta sa yarinyar ta ja birki. "Je ki wanke fuskarki, ki sa kwalli. Mijinki ne a ciki."

"Wa ya gaya miki? Khala, wa ya zo?"

"Je ki, na ce. Amma bi ta gefe, kada ki taka min shi."

Mastura ta dubi inda tsohuwar ke kallo. Ta bi layin da ido har ruwa, ta dawo da shi har ƙofa. Ta ja da baya a hankali, ta zaga ta nesa, sannan ta ruga.

Iska ta fara motsi kaɗan-kaɗan, tana zubo yashi a gefen dunduniyar. Dela ta miƙa hannu cikin ɗaki ta jawo babban kwanon da take zuba wa Haladu abinci, ta kife a kan sawun biyu, ta dafa shi da hannu bibbiyu. Daga can bakin ruwa ta ji guɗar mace ɗaya ta tashi, ta kuma ji an yi saurin tsawatar mata.